ACT ko SAT: Wacce Ɗalibi Zai Sa wa Ƙarfi Idan Jiha Ta Riga Ta Zaɓa Masa Ɗaya?

Tsakanin watan Fabrairu da Afrilu na kowace shekara, iyaye a jihohi da dama na Amurka sukan sami takarda daga makarantar sakandare cewa ɗansu ko 'yarsu da ke aji na 11, wato ajin kusa da na ƙarshe a sakandare, zai zauna jarrabawar shiga jami'a a cikin makaranta, a ranar karatu, ba tare da biyan ko sisi ba, kuma zaman wajibi ne. Magidancin da ke Greensboro a jihar Carolina ta Arewa, inda 'yan Nijar suke da yawa, zai ga an rubuta ACT a tasa takardar, alhali ɗan'uwansa da ke Detroit a jihar Michigan SAT zai gani. Daga nan ake fara waya tsakanin gidaje ana tambayar juna wacce ce jami'o'i suka fi daraja, kuma ko wadda jiha ta bayar kyauta ta isa ko sai an biya an yi ɗayar. Na ji wannan tambaya sau da yawa a bakin iyaye masu son 'ya'yansu da karatu, kuma na ga yadda rashin amsa mai gamsarwa yake sa a raba wa yaro hankali biyu, ya shirya wa kowacce rabi da rabi, ya fito da makin da bai kai ƙoƙarinsa ba.

Wanda ya taso da jarrabawar JAMB sai ya ajiye wasu abubuwan da ya saba da su kafin ya fahimci waɗannan biyun. Babu ɗaya cikinsu da take ta gwamnati. SAT ta ƙungiyar College Board ce, an fara yin ta a 1926, ita kuwa ACT wani malamin Jami'ar Iowa mai suna Everett Lindquist ne ya assasa ta a 1959. Babu makin ci ko faɗuwa na ƙasa baki ɗaya, ana iya maimaita kowacce sau da yawa a shekara, kuma jami'o'in Amurka da ke duba sakamakon jarrabawa suna karɓar su biyun ba tare da fifita wata ba. Maganar da ake yaɗawa cewa manyan jami'o'in gabashin ƙasar sun fi son SAT tsohon zance ne da ya samo asali daga lokacin da SAT ta fi yawa a jihohin bakin teku, ACT kuma ta fi yawa a tsakiyar ƙasar da kudancinta.

Jihohin Colorado da Illinois ne suka fara wajabta wa dukkan 'yan aji na 11 zaman ACT a 2001. Maine ta bi sahu da SAT a 2006, Michigan ta shigo da ACT a 2007, sa'an nan dokar ilimi ta tarayya da aka sanya wa hannu a 2015 ta ba jihohi damar amfani da irin wannan jarrabawa wajen auna ƙwazon makarantunsu, abin da ya sa wasu suka daina shirya tasu ta daban. Zaɓin jiha kuwa galibi magana ce ta kwangila da farashi, shi ya sa yake sauyawa. Michigan ta koma SAT a 2016, Colorado ta yi haka a 2017, Illinois ta bar ACT ta kama SAT na wasu shekaru sa'an nan ta sake komawa ACT a 2025. A halin da ake ciki, Alabama, Mississippi, Nebraska, Nevada, Wisconsin, Wyoming da Carolina ta Arewa suna cikin masu ACT, su kuma Connecticut, Delaware, Indiana, Rhode Island da Virginia ta Yamma suna cikin masu SAT. A Ohio jiha ce ke biya amma gunduma ce ke zaɓar wadda za a yi. Jihar New York ba ta wajabta ko ɗaya ba, sai dai makarantun gwamnati na birnin New York suna ba 'yan aji na 11 damar yin SAT kyauta a ranar makaranta, wanda hakan ya shafi dangin da ke yankin Bronx na birnin kai tsaye. Tunda abin yana sauyawa haka, bai kamata a dogara da abin da yayan yaro ya yi shekara uku da suka wuce ba, a tambayi mai ba ɗalibai shawara a makarantar tun farkon zangon karatu.

Ina ganin wannan tsari alheri ne ga iyalai irin namu, kuma akwai hujja. Wani masanin tattalin arziki, Joshua Hyman, ya yi nazarin abin da ya faru a Michigan bayan an wajabta jarrabawar, ya gano cewa kafin dokar, a kan kowaɗanne yara goma na masu ƙaramin ƙarfi da suka zauna jarrabawa suka sami makin shiga jami'a, akwai wasu biyar da za su iya samun irin makin amma ba su taɓa zama ba. Waɗannan su ne yaran da babu mai yi musu rajista, ko babu mai kai su wata makaranta mai nisa da sassafe ranar Asabar saboda uban yana tuƙi uwar kuma tana aikin dare. Da aka kawo jarrabawar cikin ajinsu, sai aka gano su.

Sai a fahimci kuma abin da wajabcin yake nufi. A mafi yawan jihohi abin da aka wajabta shi ne zama, ba samun wani maki ba. A Nevada da Tennessee, alal misali, zaman jarrabawar yana cikin sharuɗɗan karɓar takardar kammala sakandare, amma ba a hana yaro takardarsa don makinsa ya yi ƙasa. Wannan sauƙin yana da nasa lahani, domin yara da yawa sukan ɗauki ranar da wasa, su cike amsoshi da ka, su kifa kai a kan tebur. Alhali sakamakon ranar makaranta cikakken sakamako ne da ake iya aika wa jami'a da masu ba da tallafin karatu, daidai da na wanda ya biya kusan dala 70 ya zauna ranar Asabar.

Babban abin da ya raba jarrabawar biyu shi ne lokaci, kuma a nan ya kamata a fi tsayawa. SAT a sigarta ta yanzu, wadda aka mayar kan kwamfuta a Amurka tun Maris na 2024, tana da tambaya 98 cikin awa 2 da minti 14. Ɓangaren karatu da rubutu yana da tambaya 54 cikin minti 64, lissafi kuma tambaya 44 cikin minti 70, wato kimanin daƙiƙa 71 ga kowace tambayar karatu da daƙiƙa 95 ga ta lissafi. Ita ma ACT an yi mata kwaskwarima a 2025, aka rage yawan tambayoyinta, kuma sabuwar sigar ta isa jarrabawar ranar makaranta a 2026. Yanzu Turanci tambaya 50 ne cikin minti 35, lissafi 45 cikin minti 50, karatu 36 cikin minti 40. Idan aka raba, kowace tambayar Turanci tana da daƙiƙa 42 kacal, ta lissafi da ta karatu kuma kimanin 67. An samu sassauci idan aka kwatanta da tsohuwar siga mai tambaya 215, wadda a cikinta ake amsa tambayar Turanci 75 cikin minti 45, amma har yanzu ACT jarrabawar gudu ce. Tambayoyinta sun fi fitowa fili, abin da aka tambaya shi ake nufi, sai dai ba ta jiran kowa. SAT tana ba da sarari a yi tunani, amma takan naɗe tambaya ta yadda wanda bai karanta da natsuwa ba zai zaɓi amsar da ta yi kama da gaskiya ya wuce.

Na taɓa zama kusa da wata yarinya 'yar maƙwabta, wadda ta zo ƙasar tana da shekara goma sha uku bayan ta yi firamare da Faransanci, tana gwada ɓangaren karatu na ACT a teburin cin abinci, mahaifiyarta ta ajiye waya a gefe tana ƙirga mata lokaci. Duk tambayar da ta kai gare ta ta amsa daidai, sai ɗaya ko biyu. Amma tana bin layi da yatsa, leɓɓanta suna motsi, kuma agogo ya buga tana tsakiyar nassi na uku, na huɗun ko kallonsa ba ta yi ba. Fahimtarta ba ta da matsala, saurin idonta a Turanci ne bai kai ba tukuna. ACT tana ba da dogayen nassoshi huɗu, kowanne da jerin tambayoyi a bayansa, don haka wanda ya makara yakan yi asarar nassi guda sukutum. SAT kuwa gajerun sakin layi take bayarwa, daga kalma 25 zuwa 150, kowanne da tambaya ɗaya tak, idan ɗaya ya gagara a wuce shi ba tare da an yi babbar asara ba. Ga irin wannan yarinya SAT ta fi dacewa ko da jiharta ACT take bayarwa. Sai dai a sani cewa SAT tana gwada kalmomi masu nauyi a cikin jimla, tana kuma kawo waƙoƙi da rubuce-rubucen tsohon Turanci jefi-jefi, waɗanda sukan ba sabon zuwa wahala ta wata fuskar.

Lissafi shi ne abu na biyu, kuma nauyinsa a cikin jimillar maki ya bambanta ƙwarai. Makin SAT daga 400 ne zuwa 1600, rabinsa cif na lissafi ne. Makin ACT daga 1 ne zuwa 36, kuma a sabuwar siga ana samun sa ne daga matsakaicin Turanci, lissafi da karatu, wato lissafi kashi ɗaya cikin uku. Yaron da lissafi ne ƙarfinsa, kamar wasu daga cikin waɗanda suka fara karatu a gida kafin su zo, zai fi cin riba a SAT, domin ƙarfin nasa zai ɗauke masa rabin jarrabawa. Wanda kuma aka haifa a can, Turanci ya zauna masa a baki, yana cinye littafi cikin kwana biyu amma aljabra tana sa shi gumi, ACT ta fi rufa masa asiri, tunda kashi biyu cikin uku na makin a hannunsa suke. Irin lissafin ma ba ɗaya ba ne. SAT ta fi nutsewa cikin aljabra, tana ba da takardar ƙa'idojin siffofi a kan allo, kuma akwai kalkuleta mai zana jadawali ta Desmos a cikin manhajar jarrabawar daga farko har ƙarshe, wadda duk ɗalibin da ya ƙware da ita yakan warware tambayoyi da yawa ba tare da dogon aiki ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tambayoyin ba su da zaɓi, ɗalibi ne zai rubuta amsarsa. ACT ta fi faɗi, tana taɓa lissafin siffofi da kusurwoyi fiye da SAT, ba ta ba da takardar ƙa'idoji, sai abin da yaro ya haddace, amma duk tambayoyinta masu zaɓi ne, kuma an rage zaɓin daga biyar zuwa huɗu. A duka biyun ba a cire maki don an yi kuskure, saboda haka barin tambaya babu amsa asara ce tsantsa.

Ɓangaren kimiyya na ACT, wanda a da yake tsorata mutane, yanzu na ganin dama ne, tambaya 40 cikin minti 40, kuma ba ya shiga jimillar maki. Ba haddar ilimin halittu ko na sinadarai yake nema ba, karanta jadawali da fassara sakamakon gwaji ne. Jiha tana iya sa shi cikin jarrabawar ranar makaranta, don haka a tambaya, kuma wanda yake nufin karatun likita ko injiniya ya duba ko jami'ar da yake so tana neman sa.

Akwai wani bambanci a gininsu da iyaye ba su cika sani ba. Kowane ɓangare na SAT kashi biyu ne, kuma yadda ɗalibi ya yi a kashi na farko shi ke yanke ko za a ba shi kashi na biyu mai tsauri ko mai sauƙi. Wanda aka tura zuwa mai sauƙi ba zai kai maki na sama ba ko da ya amsa komai daidai. Wannan yana nufin yaron da yakan fara jarrabawa a rikice, sai can ya dawo hayyacinsa, yana iya cutuwa a rabin awa na farko. ACT ba ta da wannan tsari, tambayoyin da aka shirya su ne za a gani daga farko zuwa ƙarshe, kuma har yanzu ana iya yin ta a takarda ranar Asabar a cikin Amurka, abin da wasu yara suka fi so domin sukan ja layi a ƙarƙashin jimla su soke amsar da suka ƙi da fensir. A ranar makaranta kuwa, jiha ko gunduma ce ke yanke ko takarda ko kwamfuta.

Ga ɗaliban da makaranta ta yi wa rajista a matsayin masu koyon Turanci, akwai tallafi da ake bari ya wuce saboda rashin sani: ƙarin lokaci, umarnin jarrabawa da aka fassara zuwa wasu harsuna, da ƙamus na kalma da kalma wanda aka amince da shi. A SAT wannan tallafi na ranar makaranta ne kawai, ba a samun sa a zaman Asabar, alhali ACT tana bayar da shi a duka biyun idan an nema a kan lokaci. Wannan kaɗai ya isa ya sa ranar da jiha ta tsara ta zama mafi muhimmanci ga yaron da bai daɗe da zuwa ba, kuma makaranta ce ke cike takardun neman, don haka sai iyaye sun je sun yi magana makonni kafin ranar.

To, da wacce za a tsaya? Shawarata ga mafi yawan iyalai ita ce a riƙe wadda jiha take bayarwa a sa mata ƙarfi gaba ɗaya. Dalilin ba kuɗin rajista kaɗai ba ne. Makarantar da ake auna ta da wannan jarrabawa takan karkata koyarwarta zuwa gare ta, malamai sun san salonta, kuma yaro ya riga ya yi ƙananan sigoginta a azuzuwan baya: a Michigan ana yin PSAT tun aji na 8, a Carolina ta Arewa ana yin PreACT a aji na 10. Barin duk wannan shiri a koma wata jarrabawa yana buƙatar hujja mai ƙarfi, kuma hujjar ba jita-jitar masallaci ko ta wurin suna ba ce. Hanyar samun ta ita ce yaro ya zauna cikakkiyar jarrabawar gwaji ta kowacce, a ranaku daban, da agogo, ba waya a hannu ba tashi shan ruwa. Ta SAT tana cikin manhajar Bluebook kyauta, tare da darussan Khan Academy, ta ACT kuma tana shafin hukumar. Sa'an nan a kwatanta sakamakon da jadawalin daidaita maki da hukumomin biyu suka fitar tare a 2018, wanda a cikinsa 21 a ACT yake daidai da kimanin 1080 a SAT, 24 da 1180, 28 da 1310, 30 da 1370, 34 kuma da 1500. Idan tazarar ba ta wuce maki ɗaya na ACT ba, wannan bambancin kwana ne da yanayin jiki, a zauna kan ta jiha. Idan ta kai maki biyu ko uku, kuma aka maimaita gwajin aka sake ganin haka, to a koma wa wadda ta fi, a yi ta jiha da gaske a matsayin wajibi, amma a zuba lokacin shiri a ɗayar. Iyalai masu ƙaramin ƙarfi su nemi takardar yafe kuɗin rajista a makaranta, wadda a SAT take ba da zama biyu kyauta, ACT ma tana da irin tata.

Wasu za su ce ai jami'o'i sun daina neman waɗannan jarrabawa tun zamanin korona. Gaskiya ne da yawa sun bar abin a hannun ɗalibi, kuma Jami'ar Kalifoniya ba ta ma duba makin ko an aika. Amma iska ta fara juyawa, domin jami'ar MIT ta dawo da sharaɗin a 2022, Dartmouth, Brown, Harvard da Jami'ar Texas da ke Austin suka sanar da haka a 2024, jami'o'in gwamnati na Florida kuwa ba su taɓa ajiye shi ba. Abin da ya fi wannan taɓa aljihun iyaye shi ne tallafin karatu na jihohi, wanda sau da yawa aka ɗaure shi da maki. A Tennessee, ɗaya daga hanyoyin samun tallafin HOPE ita ce 21 a ACT ko 1060 a SAT, Louisiana da Florida da Georgia ma suna da nasu tsare-tsaren masu neman maki. Maki ɗaya a nan yana iya zama dubban daloli a shekara. Haka kuma yaro mai hazaƙa sosai kada ya bar PSAT ta watan Oktoba a aji na 11 ta wuce shi ko da jiharsa ta ACT ce, domin ita ce ƙofar gasar tallafin National Merit, kuma shirinta ɗaya ne da na SAT.

A 'yan shekarun nan lokacin jarrabawar ranar makaranta ya riƙa haɗuwa da azumin Ramadan, wanda ya faɗo a Maris da Afrilu a 2024, ya kuma cinye watan Maris a 2025. Jarrabawar da safe ake yin ta, don haka abin da ya fi damun yara ba yunwa ba ce, rashin barci ne tsakanin tarawihi da sahur. Jihohi suna da ranar cike gurbi ga wanda bai samu zama ba, wasu makarantun kuma suna da 'yan kwanaki da za su zaɓa a ciki, saboda haka magana da makaranta da wuri takan yi amfani. Tunda azumin yana matsowa gaba da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, sai a duba kalanda tun watan Satumba.

Game da tsarin lokaci, abin da na ga ya fi yi wa yara aiki shi ne a yi gwaje-gwajen biyu a hutun ƙarshen aji na 10 ko farkon aji na 11, a yanke shawara kafin Disamba, a yi wata biyu ko uku ana shiri kaɗan-kaɗan kafin ranar makaranta, sa'an nan a maimaita sau ɗaya a ƙarshen hutun bazara ko farkon aji na 12, kafin wa'adin neman gurbi na farko da yakan faɗo a Nuwamba. Jami'o'i da yawa suna ɗaukar mafi kyawun makin kowane ɓangare daga zama daban-daban su haɗa, kuma ACT da kanta tana fitar da irin wannan haɗaɗɗen sakamako, amma ba a haɗa ɓangaren SAT da na ACT. Yaron da ya yi jarrabawa ɗaya sau biyu yana da abin haɗawa, wanda kuwa ya yi kowacce sau ɗaya ba shi da shi.